Kujerar Gaba A Motar Ingila

A shekarun da zan ba ku labari, ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare a Mubi, matar aure mai yara uku, mai albashinta, mai ganin duk unguwarmu ba wadda ta kai ta wayewa. Tabarau nake sawa, kuma ta samansa nake kallon dangin mijina. Na rubuto wa mujallar nan ne don abin ya daɗe yana cina, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa baki da baki ba tare da labarin ya riga ni isa gida ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane mu, su kuwa dama sun gama yi da ni tuntuni, abin da zan faɗa ba zai ƙara musu komai ba.

Maigidana yana da shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar shanu. Mutumin Kolere ne, ɗan fari a wajen mahaifiyarsa, wadda babba da yaro ke kira Dada. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko akuya ta shigo masa shago sai ya lallashe ta ta fita. Yana da wata doguwar mota wagon mai layin kujeru uku, wadda sunansa ke kan takardunta amma a aikace ta duk wanda ya haɗa kaka da shi ce. Mai naƙuda ita, mai zuwa ɗaurin aure ita, buhun masara ita, maraƙin da ya karye a ƙafa ma ita. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kujerar gaba. A danginsu kujerar gaba ta babba ce, ba a tambaya, ba a musu. In Dada na nan tata ce. In ba ta nan ta Baffa ce, ƙanen marigayi mahaifinsa, wani dogon tsoho mai sanda da ba ya rabo da goro. In babu su, to duk mai furfurar da aka tsinta a bakin titi ya fi ni cancanta. Ni matar mai mota wurina layin tsakiya ne, wata rana ma na ƙarshe, tsakanin ƙwaryar nono da gwiwar wata goggo. Tun da aka kawo ni gidan ban san ranar da muka yi tafiya daga ni sai shi ba. Ko asibiti za mu, kafin mu fita daga unguwa an ɗaga masa hannu, shi kuma bai iya wuce mutum a hanya ba.

Abin da nake so ke nan, shi kaɗai: in zauna a gefen mijina a motar mijina, mu tafi wani wuri ba kowa a bayanmu. Yanzu in na faɗa sai ya zama kamar maganar yara, amma a lokacin da shi nake kwana da shi nake tashi. Kuma ban taɓa buɗe baki na gaya masa ba. A ganina mace mai digiri ba ta roƙon kujera, kamata ya yi a ce shi da kansa ya gane. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka ina jin daɗin hirar goggonninsa.

Wata rana ina dawowa daga makaranta na hango wata mota a filin wani dillali. Koriya ce shar, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya, kuma ta yi ƙasa ƙwarai, da ƙyar ta kai mini ƙugu. Na sa mai keken da ya ɗauko ni ya tsaya. Dillalin wani gajere ne mai baƙin gilashi da turaren da ke shaƙe mutum, yana kaɗa makulli a yatsa kamar shi ya ƙera ta. Ya ce mini motar tsere ce ta Ingila, ɗan wani babban mutum ne ya zo da ita daga karatu, ya gaji da ita. Wai irin wannan mota ba ta kowa da kowa ba ce, sai wanda ya san duniya, kuma tun da na sauko daga keke ya ga alamar Hajiya ta san duniya. Ban taɓa zuwa Hajji ba, ban kuma gyara masa ba. Ya nuna mini inda aka cire sitiyarin daga dama aka mayar hagu, an rufe ramin da wani baƙin faci, ya ce aikin Turawa ne. Ko makaho ya shafa ya san aikin bakin hanya ne. Ni duk ba wannan nake kallo ba. Kujerun nake ƙirgawa, na ga biyu ne, na leƙa baya na ga ko kaza ba ta da wurin tsugunawa. A ranar na yanke hukunci a raina, tun kafin mai aljihun ya san akwai motar a duniya.

Da na ja maigidana muka je, dariya ya fara yi, ya tambaye ni ko ta yara ce. Dillalin ya ɓata rai, ya ce Alhaji ya shiga ya ji, in ya ji ba zai sake dariya ba. Suka shiga su biyu suka tafi gwaji, aka bar ni a tsaye cikin rana da jakata a hannu. Da aka kira bakanike ya duba, shi ma suka tafi da shi, na sake tsayawa. Da labari ya kai wa Baffa ya zo ganin abin mamaki, aka naɗe shi aka cusa da sandarsa da komai, suka zaga gari, ni ina nan inda nake. Duk mai hankali ya ci a ce ya karanta abin da ke gaba tun a wannan filin. Ni da nake gyara wa 'ya'yan mutane rubutu da jan biro ban karanta komai ba, murmushi ma nake yi ina cewa a raina su more, na ƙarshe ke nan.

Maigidana ya dawo daga gwajin fuskarsa a sake, don ba ƙarya, motar tana da daɗin tuƙi, kuma ba namijin da zai taka ta bai ji wani abu ba. Amma da muka koma gida hankalinsa ya dawo. Ya zaunar da ni yana lissafo mini abin da ke damunsa. Ya ce cikinta na gogar tudun rage gudu na cikin gari, balle hanyar Kolere da damina, inda mayo, wato rafi, ke cika ya yanke hanya. Ya ce kayan gyaranta ba a samu a Mubi, ko Yola da wuya, sai an aika Legas ko ƙetare. Ya ce ba shi da ƙarfin riƙe mota biyu, in zai ɗauke ta sai ya ba da wagon ya yi ciko. Sannan ya tambaya wa zai riƙa kai Dada asibiti ganin likitan ƙafa, wa zai kai yara makaranta. Kowace tambaya ina da amsarta a shirye. Na ce Dada mutum ɗaya ce, kujera ɗaya ta ishe ta. Na ce yara ga keke a ƙofar gida. Na ce damina ba shekara take yi ba. Bakaniken nan kuwa, wanda ya kamata ya faɗi gaskiya, ya hango shekarun cin abinci a jikin motar, sai ya rantse cewa injinta ko na jirgi albarka, shi zai riƙe ta kamar 'yarsa. Daga baya na gane bai taɓa buɗe irinta ba sai ranar. Abokan zaman shago su ma suka taya, masu zuga mutum ya hau bishiya su koma gefe suna jiran faɗuwarsa.

Duk da haka mutumin nan bai yarda ba. Ya yi istihara ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ɗauke mu muka je Kolere ya shawarci Dada. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san kunyar ɗan fari, to ta Dada ta wuce misali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, mai shago take ce masa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in zai ba ta abu sai ya ajiye a tabarma ta ɗauka. Ko a wagon ɗin, in ta zauna gaba, fuskarta na wajen taga, hirarta da na baya take yi. Ranar ta saurari bayaninsa tana gyaran wake, kanta a ƙasa. Da ya gama ta tambayi bango, ba shi ba, cewa motar mutum nawa take ɗauka. Ya ce biyu. Ta ce shi da wa ke nan. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ci gaba da wakenta. Ni ina gefe ina cewa a raina tsohuwar nan ta san amsa sarai, baƙin ciki ne kawai. A hanyar dawowa ya ce mini ya haƙura da motar.

A nan ne na yi abin da ya fi komai muni kafin babban laifin da ke tafe. Akwai wata rana da wani malami a makarantarmu, cikin wasa, ya tambaye ni ina direban Kolere. Sau ɗaya ya faɗa, shi ma bai ƙara tunawa ba. Na ɗauko wannan kalma na wanke ta na kai wa mijina. Na ce masa duk gari haka ake kiransa, har 'yan kasuwar shanu, har waɗanda yake ɗauka kyauta, in ya juya baya dariya suke masa. Na ce ni kunya nake ji a cikin ƙawayena, mazajensu masu mota ne, nawa ɗan kamasho ne da ba a biya. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Mutum ne da bai taɓa tunanin alherinsa abin dariya ba ne. Bai yi faɗa ba, tambayata kawai ya yi ko har da su Baffa. Na ce ban ji da kunnena ba, amma na ɗaga kafaɗa yadda zai fahimci abin da nake so ya fahimta. Bayan 'yan kwanaki ya kwashe tabarma da igiyoyi da butar da ke zaune a bayan wagon, ya kai wa dillali makulli. Ya dawo da koriyar mota yara na bin ta da gudu. Na yi guɗa a tsakar gida, ni da nake cewa guɗa ƙauyanci ce.

Washegari Juma'a ce. Na ci kwalliya ina jiran a dawo daga masallaci mu fita. Kafin azahar sai ga Baffa ya sauka daga keke da babbar riga, ya zo a tafi da shi masallaci a motar Ingila. Aka tafi da shi, daga can aka wuce gaisuwa, sai magariba mijina ya shigo. Haka abin ya ɗore. Lissafina duk daidai ne sai abu ɗaya da na manta: rage kujeru bai rage manya ba. Kujera ɗaya ta rage, kuma ta babba ce kamar kullum. In suna ne Baffa, in ɗaurin aure ne wani kawu, in asibiti ne Dada. Ni da yara muna biye a keke muna shan ƙurarsu. A da aƙalla mota ɗaya muke. Sauran dangi kuwa, masu naƙuda da masu buhu, suka koma neman motar haya, suna gaishe shi sama-sama. Motar ita ma ta fara nuna halinta. Yau ta yi zafi, gobe wuta ta ɗauke, jibi rufin ya ƙi rufuwa ana tsaka da ruwa. Bakaniken da ya yi rantsuwa ya koma buga waya yana tambayar wasu. Abokan shagon da suka zuga suka koma tambayarsa yau Baturiya ta tashi lafiya ko tana hutu. Ni kuma maimakon in ga abin da na jawo, sai haushina ya ƙara taruwa a kan tsohuwar da ke zama inda na saya wa kaina.

Cikin damina aka yi rasuwa a Wuro Patuji, yayan Dada ne ya cika. Motar ba ta iya shiga har ƙofar gidanta saboda laka, sai da ta tako da sanda zuwa bakin hanya, da ciwon gwiwarta da nauyin jikinta. Ita da mijina suka yi gaba, ni na bi su a keke, muka isa kusan tare. Ƙofar gidan makoki cike take da maza a kan tabarmi, malamai da dattawa da surukai, mata duk suna ciki. Mijina ya tsaya ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Dada ta fitar da ƙafa ɗaya, ta dafa, ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa ta koma. Kujerar nan kusan a ƙasa take, kuma doguwar zama ta riƙe mata gwiwa. Maza suka fara sunkuyar da kai, masu addu'a suka rage murya. Ba namijin da zai taɓa ta a cikinsu, kuma ba mace a waje sai ni. Aikina ne, kowa ya san aikina ne. Taku kaɗan ne tsakanina da ita. Na ga mijina ya ɗago yana waige-waige yana nemana. Sai na sunkuyar da kai cikin jakata kamar ina neman canjin mai keke, alhali kuɗin na hannuna. A raina na ce kujerar gaba ce take so, to ta zauna ta more.

Da ya ga ba wadda ta taho, sai ya durƙusa ya sa hannuwansa a hammatar mahaifiyarsa ya jawo ta. Matar da ko a tabarma ba ta yarda hannunsu ya haɗu, ga ta a ƙirjin ɗan farinta a gaban surukanta da malaman garinsu. Mayafinta ya maƙale a ƙofa ya zame, ɗankwalin ya bi shi, furfurarta ta fito fili. Zaninta ya kwance ta riƙe da hannu ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Sai a lokacin na sauko da sauri ina salati, na ɗauki mayafin na rufa mata. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalle shi ba, ta shige gidan tana jan ƙafa. Da aka tashi komawa ta aiko a gaya wa mai shago ya tafi, za ta kwana biyu. Daga baya a motar itace ta koma Kolere.

Daga ranar Dada ba ta sake shiga motarsa ba, ba ta sake kwana a gidanmu ba. In ranar asibitinta ta zo, wani jikanta ke rako ta a motar haya su koma a ranar. Baffa ma ya daina zuwa neman a kai shi ko'ina, sauran manyan suka bi sahu. Ba wanda ya yi mana faɗa, ba wanda ya kira taro. Su ba sa haka, janyewa kawai suke yi, su bar ka da abinka. Ni kuwa a zatona ba wanda ya san abin da na yi, don haka har na fara jin cewa ko ba komai hanya ta buɗe.

Da kaka wata abokiyar aikina ta gayyace mu bikin ƙanwarta a Michika. Ba babba ko ɗaya da ya ce zai bi mu. Na yi kwalliyar da ban taɓa yi ba, na shiga na zauna a gefen mijina, ya naɗe rufin, muka kama hanya daga ni sai shi. Ga duwatsu, ga gonakin dawa sun nuna, ga iska. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan. Na jawo hira a kan yara ya ce uhm. Na jawo a kan amarya ya ce uhm. A nan na tuna cewa a wagon, duk cikar da take yi, yakan karkata madubi ya nemo fuskata a baya, in wata goggo ta saki wani zance ya ɗaga mini gira mu yi dariyarmu ba wanda ya sani. Ban taɓa lissafa wannan a cikin abin da nake da shi ba. Yanzu kafaɗata na gogar tasa, amma idonsa na kan titi kawai. Mun wuce rabin hanya sai ya yi magana, a hankali, ba tare da ya juyo ba. Ya ce ranar Wuro Patuji ya gan ni a cikin keke, ya ga kuɗin a hannuna. Ya ce ya kuma tambayi mutanen kasuwa da su Baffa zancen direban Kolere, ba wanda ya taɓa ji. Ya ce ba don faɗa ya faɗa ba, so yake in san ya sani. Muka je biki muka ci shinkafa aka ɗauke mu hoto a jikin motar, mutane na cewa mun dace.

Na je Kolere neman gafara, ni kaɗai a motar haya. Na durƙusa na faɗi abin da na yi ban rage ba. Dada ta saurara har na gama, sannan ta ce ita ba ta tuna wani abu ya faru a Wuro Patuji ba, ta'aziyya suka je suka dawo lafiya. Ta sa aka dama mini fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce in gaida mai shago. Na so ta zage ni, na so ta kore ni. Wanda ya ce ba a yi masa laifi ba, ta ina za ka roƙe shi ya yafe? Na shanye furar na taso.

Koriyar motar ta ƙare a ƙarƙashin mangwaron gidanmu tana jiran wani ƙarfe daga ƙetare, har tayoyinta suka sace. Da aka gaji aka kira dillalin nan, ya zo ya zagaya ta yana taɓe baki, ya ce wa zai sayi irin wannan a Mubi, ai mota ce ta wahala. Da bakin da ya yabe ta ya faɗi haka, ko kunya babu. Aka ba shi a yadda ya ga dama. Bayan wani lokaci mijina ya sake haɗa wata wagon, dangi suka dawo da buhunansu da majinyatansu kamar ba a yi komai ba. Abu ɗaya ne ya canza. Duk ranar da za a yi tafiya da ni, da na fito sai kowa ya matsa. Baffa da kansa, da furfurarsa da sandarsa, yake buɗe ƙofar baya ya shige, ya ce a bar wa Malama kujerarta ta gaba. Na roƙe shi, na rantse, na yi kuka, ya ce ai ba komai, shi baya ma ta fi masa daɗi. Mijina ya buɗe mini ƙofa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, in zauna. A bayana ana hira da Fulatanci ana dariya ana miƙa gyaɗa, in na juyo sai a yi shiru a tambaye ni ko iska ta yi mini yawa. Dada kuwa har yau motar haya take shiga.

Ina jin mata a ɗakin malamai suna ba juna shawarar yadda za a raba miji da ɗawainiyar dangi, wannan ta ce a canza gida, waccan ta ce a canza mota, kowacce na ji da dabararta. Kallonsu kawai nake yi, don na san wayon, na fi su iya shi, na kuma san inda yake kai mutum. Ga 'yan'uwana mata, in akwai abin da kike so a wajen mijinki, buɗe baki ki faɗa masa da Hausa. Da na ce masa ina so wata Asabar mu fita mu biyu, na rantse da ya yi, ko da zai ɓoye motar a bayan layi ne. Kada ki ƙirƙiro masa maganar mutane don ki juya shi, zai bincika wata rana. Ga maza kuma, in dillali ya nuna maka mota mai kyalli daga ƙasar da ba ta san lakarmu ba, kafin ka tambayi gudunta ka kawo tsohuwarka a ranka, ka ga yadda za ta shiga da yadda za ta fita a gaban mutane. In zuciyarka ta ƙi, kada ka bari wani ya lallashe ta, ko da matarka ce. Ni dai na sami kujerar da na nema, ba mai sake karɓe mini ita, kuma duk tafiyar da za a yi addu'a nake a ce motar ta cika in zauna a gida.